Sunan Ɗiyar Fari

Shekarar da Altine ta ƙi bin shanu arewa, shekara ta uku ke nan da aka sauke tutar Faransa a Dogon Dutsi. Ruwa ya sauka da wuri, manoman Sukukutane sun yi shuka, kuma kowa ya san da gero ya tsiro makiyayi ba shi da sauran wurin zama. Yayanta Umaru ya ɗaure kaya bisa takarkari, mata sun kwance bukkokinsu, ita kuwa tana zaune bakin tata tana wanke ƙwaryar da ta riga ta wanke.

"Ke, tashi mana," in ji Umaru. "Ko sai an ɗauke ki an aza bisa sa?"

"Ba ni zuwa bana."

"Don mi?"

Ta ci gaba da wankin ƙwaryarta. Uwarsu, tsohuwa Hawwa'u, ita ta amsa daga cikin bukka: "Kai wannan, baƙuwa gare mu. Bar muna shanu uku masu nono ka tahi abinka."

Baƙuwar nan ɗiyar Altine ce, ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba ta. Uban yarinyar, Tukur, malamin dabbobi ne na gwamnati. Allurar shanu ta kawo shi rugarsu shekara goma da suka wuce, ya yi wa shanu allura, ya koma da budurwa. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya ɗora masa abin da bai yi ba. Altine ce ta kasa zaman gari. Shekara bakwai tana tsakanin katangu huɗu tana ramewa, in ta ji kukan saniya a bayan gari sai ta saki abin da ke hannunta, har ranar da ta roƙe shi ya sauwaƙe mata, shi kuma ya sauwaƙe. Alƙali ya raba magana: yarinya ta zauna wurin uba saboda lakkol, wato makarantar boko, in an yi babban hutu a kai ta wurin uwa. Aka rubuta, aka buga hatimi.

Sai dai wanda ya tsara hutun lakkol, wallahi bai taɓa kiwon ko akuya ba. Hutun yana faɗowa daidai lokacin da ruga ke tashi. Bara waccan Tukur ya kawo yarinya ya iske toka da kashin shanu. Bara ma haka. Sau biyu Altine ta taka da ƙafa har Dogon Dutsi cikin rani, ta laɓe bayan wata bishiyar bedi daura da lakkol, ta ga ɗiyarta ta fito cikin ƴammata tana dariya, ta bi ta da ido har ta sha kwana, sa'an nan ta juyo gida. Bana ta ce ko shanu za su ci ƙasa, ita tana nan.

Kwana shida da tashin ruga sai ga Tukur. Motar ma'aikata ta sauke su a Sukukutane, suka ƙaraso da ƙafa, yana ɗauke da ƙaramin akwatin ƙarfe. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa gaban tsohuwa, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sa'an nan ya faɗi abin da ke tafe da shi, idonsa a ƙasa.

"Inna, an ɗaga ni zuwa Yamai. Bayan hutu za mu tashi. Zalihatu ta yi wayo yanzu, shekararta takwas. Ran da na dawo ɗaukarta zan tambaye ta gabanku. In tana son ta riƙa zuwa, ko daga ina nike zan kawo ta duk hutu, na ɗauki alkawari. In ba ta so, ku gafarce ni, ba ni tilasta mata wannan doguwar hanya."

"Mun ji," in ji tsohuwa.

Altine ma ta ji, daga inda take tsugune tana gyara igiyar maruƙa. Wata biyu ke nan aka ba ta.

Yarinyar ta taho wurinta. Rigar lakkol ce a jikinta shuɗiya, da takalman roba, ga dogon wuya irin na dangin uwa. Ta durƙusa ta ce ina wuni, sa'an nan ta ɗan ɗaga hannuwa biyu, ba ta san ko za a rungume ta ba. Altine ba ta saki igiyar da ke hannunta ba. Ta kawar da kai wajen maruƙa, ta ce, "Inna, a ba baƙuwa ruwa."

To, kada ka yi saurin zaginta. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, ba a ɗaukarsa a yi masa wasa gaban jama'a. Haka Hausawa ke yi, a ruga kuwa abin ya fi nan tsanani. Umaru, ɗan farin gidansu, da gemunsa ya fara furfura, har yau bai taɓa jin sunansa a bakin tsohuwa Hawwa'u ba. Ita ma yarinyar nan, tun tana jinjira goggonta Shatu ke goyonta a Dogon Dutsi, Altine sai ta ba da nono ta miƙa. Macen da ta faɗi sunan ɗanta na fari ta zubar da mutuncinta da na gidansu, za a yi ta labarinta bakin rijiya har jikoki. Altine ba ta taɓa tunanin abin yana da nauyi ba. Ita a ganinta kowa ya san abin da ke ƙarƙashin wannan shirun.

Damina ta zauna sosai. Ƙasar da ke fari fat cikin rani ta yi kore shar, tun daga bakin ruga har gindin tsaunuka. Da safe raɓa takan kwanta bisa ciyawa, gizagizai su sauko ƙasa-ƙasa har mutum ya ga kamar in ya miƙa sanda zai taɓa su. Shanun uku suna turke saboda gonaki sun kewaye ko'ina, sai Altine ta bi burtali da lauje tana yanko musu ciyawa. Tana yanka tana hangen bukka. Wani lokaci in yarinyar ta fito tana miƙa, sai Altine ta ga ƴar shekara biyu mai tafiyar tangaɗi. Ta ƙifta ido ta ga ƴar biyar, ranar rabuwa, riƙe da zanen Shatu. Ta sake ƙiftawa sai ga budurwa doguwa da ƙwarya a kai. Duka ukun suna tsaye a bakin bukka ɗaya, ita kuma lauje ya tsaya a hannunta, har ƙuda ya sauka mata a fuska ta farga.

Abin da baki ya hana, hannu ya yi ta yi. Kindirmon da ya fi kwanciya, na yarinyar ne. Man shanu na farkon kaɗi, nata ne. Amma duk ta hannun tsohuwa yake bi: "Inna, ga wannan, ko akwai mai so." Yarinyar kuwa ta manne wa kakarta. Fulatancin da ta tafi da shi ya zube a Dogon Dutsi, tsohuwa ta yi ta tsokanarta da Hausa.

"Dubi ƴar birni, tsoron maraƙi! Mi suka koya maki a lakkol ɗin, gudu?"

"Kaka, ke ma ai tsoron mota kike."

"Ni? Ni da na hau raƙumi ubanki bai san hanyar masai ba?"

Su yi ta dariya. Altine tana gefe tana tatsa, goshinta jingine da cikin saniya, tana murmushin da ba mai gani.

Ranar kitso ce kaɗai ranarta. Mai kitso a baya take zama, ba ido cikin ido, don haka ba wanda zai ce komai. Ta zaunar da yarinyar tsakanin gwiwoyinta a inuwar kalgo, ta tsefe gashin, ta shafa masa mai. Kitson da ake gamawa kafin azahar, sai da ta kai la'asar sakaliya tana yi. Ta kitsa layi, ta ce bai miƙe ba, ta warware. Ƙarya take, ya miƙe. Kan yarinyar yana da ɗumi, yana ƙanshin rana. Can bayan kunnen hagu yatsanta ya taɓa wani tabo, ɗan siriri, wanda babu shi ranar da suka rabu. Wa ya ji mata? Faɗuwa ta yi? Ta yi kuka? Wa ya ɗauke ta? Tambayoyin suka cika mata baki, ta haɗiye su, ta yi ta shafa wurin da babban yatsa. Yarinyar ta yi tsit tana jira a ce mata wani abu. Da aka gama, Altine ta ce, "Inna, a duba ko ya yi."

Wata guda ya wuce haka. Gero ya kai ƙugu, an gama maimai, noma na biyu.

Wata rana da azahar hadari ya taso daga gabas, Altine ta dawo da damin ciyawa a guje, yayyafi ya tare ta a bayan bukka. Tana sauke damin sai ta ji muryar yarinyar daga ciki, ƙasa-ƙasa.

"Kaka, ta san sunana kuwa?"

"Wa?"

"Ita."

Tsohuwa ta tuntsire da dariya. "Ji shashanci! Wadda ta haife ki? Kunya ce, ƴar nan. Ke ta fari ce. Haka munka iske, haka munka yi."

"Goggo Shatu ma ta ce haka." Yarinyar ta ƙara da cewa, "Amma akwai Sesil a ajinmu, ɗiyar likita mutumin Dahome. Ita ma ta fari ce. Kullum uwarta tana zuwa bakin lakkol ta ƙwala mata kira, kowa na ji, ta riƙe hannunta su tafi."

"Waɗannan ai ba su da kunya."

"To ni na fi son marar kunya."

"Rufe bakinki!"

"Ni na san ta manta shi. Shekara uku ai da yawa. Ba komai, Kaka. In na tafi Yamai ta huta da yankan ciyawa, ta bi shanunta."

Ba kuka a muryar, abin da ya fi ƙona Altine ke nan. Yarinyar ta faɗe shi yadda ake faɗin gobe Laraba. Ruwa ya kece, Altine tana tsaye a bayan bukka bai dame ta ba, har zanenta ya manne mata a jiki. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsirara, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta tsaya gaban alƙali.

Washegari ta kwance shanun ta kai su tabki, ita kaɗai. Ta ce a ranta bari ta gwada, a nan ba kowa. Ruwan tabkin ya kwanta lumui, sama duk tana ciki, balbelu suna tafiya bisa gizagizai. Ta buɗe baki. Sai idonta ya faɗa kan tsamiyar da ke hayi, wadda mutanen Sukukutane ke cewa aljana doguwa na zaune a cikinta. Haba! Wace uwa ce za ta saki sunan ɗiyarta a daji da tsakar rana, iska ta tsince shi? Ta rufe baki da tafin hannu, ta yi a'uziyya. A gida mutane, a daji iskoki. Ashe duk faɗin ƙasar Arewa babu inda za ta ajiye sunan nan ko sau ɗaya.

Sai ta koma yinsa da leɓe, ba murya. Tana tatsa tana yi, tana daka tana yi. Gaɓa huɗu ne, ta ƙirga su. Ta farko tana fita tsakanin haƙora, ta ƙarshe tana tsuke baki. Wani lokaci sai ta lula: ga ta a bakin lakkol a Yamai, garin da ba ta taɓa gani ba, ta sa masa tsaunukan Dogon Dutsi da kogi a gefe, ta ɗaga murya ta yi kira, yara duka suka waiwayo, tutar nan sabuwa tana kaɗawa. Sai saniya ta motsa ƙafa, ta dawo ta ga nono ya kusa zuba.

Sau uku ta yi niyya da gaske. Sau ɗaya yarinyar na wanke ƙwarya ita kaɗai, Altine ta matso har inuwarta ta rufe ta, yarinyar ta ɗago kai, abin da ya fito shi ne, "Ke, a kula da bakin, yana da tsaga." Ta koma tana jin haushin kanta kamar ta mari kanta.

Ta gwada uwarta ma. Suna tsince wake su biyu, ta ce, "Inna, in mace ta yi kuskure ta faɗi wanda ba a faɗi fa?"

Tsohuwa ba ta ɗago ba. "Ni ban ji kin tambaye ni komi ba."

Gero ya fitar da kai, ya yi ido, yara suka fara gasa tumu a gonaki. Saƙo ya zo cewa Tukur zai iso ranar kasuwar Sukukutane, a kai masa yarinya can, don motar ba ta jira.

Suka tafi su uku da hantsi. Tsohuwa a gaba da sanda, yarinyar a tsakiya da akwatinta a kai, Altine a baya da ƙwaryar nono. Duk tsawon hanya tana kallon wuyan nan da sabon kitson da ta yi mata jiya. Ga hanya ba kowa, gero ya rufe su hagu da dama, ko tsohuwa ta yi nisa. Yanzu, in ji zuciyarta. Bari mu wuce wancan gawon. Suka wuce gawon. Bari mu kai rijiya. Suka kai rijiya, ga mata cike. Kai, Altine!

Kasuwa ta cika. Motar tana tsaye a inuwa, daura da layin masu nono, inda matan rugagen da ba su tashi ba suke zaune da ƙorensu, ga matan gari suna saye. Duk sun san Altine, sun san labarinta. Tukur ya gaida tsohuwa, ya karɓi akwati ya miƙa wa direba. Ya dubi ɗiyarsa ya ce ta yi ƙiba, ta yi baƙi. Sa'an nan ya rage murya.

"To, Zalihatu. Ga kakarki, ga mahaifiyarki. Baɗi in an yi hutu, in kawo ki?"

Yarinyar ta dubi kakarta. Ta juyo ta dubi uwarta, ta daɗe tana dubanta. Altine, Allah sarki, jikinta ya yi abin da ya saba tun kafin ta yi shawara da shi: ta sunkuyar da kai tana gyara faifan da ke kan ƙwarya.

"Yamai da nisa, Baba," in ji yarinyar. "Ba sai an wahala ba."

Tukur ya yi ajiyar zuciya. Bai ji daɗi ba, a fuskarsa aka gani. Ya ce wa tsohuwa, "Inna, kun ji. Ku yafe mani." Ya kama hannun ɗiyarsa suka nufi mota. Direba ya zagaya gaba ya soka ƙarfe yana juyawa, injin ya yi tari ya kama.

Altine ta ɗago kai. Ta ga an ɗaga yarinyar an aza ta a bayan mota bisa buhu, ta ba kasuwa baya. Ba ta san sa'ad da ta ajiye ƙwaryar ba.

"Zalihatu!"

Muryar ta fito da ƙarfi fiye da kima, irin wadda ake kiran saniyar da ta yi nisa. Layin masu nono ya yi tsit. Wata ta saki ludayi cikin ƙwarya, wata ta ce "La'ilaha!" ta kama haɓa. Tukur da ƙafarsa ɗaya ke cikin mota ya tsaya a haka.

Yarinyar ta waiwayo. "Na'am?"

Tana jira a faɗa mata abin da aka kira ta dominsa. Altine kuwa wata guda tana shirin sunan, ba ta taɓa tunanin abin da zai biyo bayansa ba. Ta taka har gindin motar, idon kasuwa duk a kanta, fuskarta na zafi. Ta ɗaga kai ta dubi ɗiyarta cikin ido. Ashe idanun masu ruwan ƙasa ne, ba baƙaƙe ba.

"Tabon nan na bayan kunnenki," ta ce. "Mi ya same ki?"

"Daga bisa katanga na faɗo. Tun ina aji ɗaya."

"Kin yi kuka?"

"Kaɗan." Ta sunkuyo daga kan buhun, ta yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji. "Sake faɗi."

Altine ta sake faɗi, a hankali wannan karon, gaɓa huɗun duka.

Direba ya danna oda. Zalihatu ta share fuska da bayan hannu, ta leƙa wajen ubanta. "Baba, daga Yamai zuwa nan kwana nawa ne?"

"Biyu, in hanya ta yi kyau."

"Ashe ma ba nisa."

Tukur ya dubi Altine, karo na farko cikin shekara uku, ya gyaɗa kai, ya shiga mota.

Da motar ta ɓace cikin gero, Altine ta juyo ta iske layin masu nono kowa ta sami abin yi da hannunta, ba mai kallonta, ba kuma wadda ba ta kallonta. Ta san kafin la'asar labarin ya kai har garin Dogon Kiriya. Ta duƙa za ta ɗauki ƙwaryarta, sai ta ga tsohuwa ta riga ta.

"Marar kunya," in ji tsohuwa Hawwa'u, tana goge ido da bakin mayafi. Ta aza ƙwaryar bisa kanta, ita da ta shekara goma ba ta ɗauki kaya ba. "Wuce mu tahi gida."